Nana Asma'u ɗiyar Shehu

Tagwayen Ɗagel

A jahar Tawa, kusa da Galmi, akwai wani gari da a ke ce ma Marata. A nan aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekara ta 1754. A wancan zamani babu iyaka tsakanin Nijar da Najeriya. Tun Usmanu yana ƙarami iyayensa suka tashi daga Marata, suka koma wani ƙauye na ƙasar Gobir mai suna Ɗagel. Da ya girma ya shiga yawon neman ilimi, har ya kai Agadas wurin Malam Jibril ɗan Umaru. Daga baya ya dawo Ɗagel ya zauna, almajirai suka yi ta taruwa gare shi.

A Ɗagel ne, wajen shekara ta 1793, matarsa Maimuna ta haifi tagwaye, namiji da mace. Aka sa ma namijin Hasan. Kowa ya san sunan da ya kamata macen ta samu, amma ubanta bai bi al'ada ba. Ya sa ma ta Asma'u, sunan ɗiyar Sayyadina Abubakar, wadda ta riƙa kai ma Annabi da ubanta abinci a ɓoye lokacin hijira. Nana kuwa sunan girmamawa ne da aka ƙara ma ta.

Asma'u ba ta daɗe da uwarta ba. Maimuna ta rasu tun yarinyar ba ta yi wayo ba, sauran matan Shehu suka rene ta. A cikin gidan ta tashi tare da ƴan uwa masu yawa. Wanda ta fi shaƙuwa da shi shi ne wanta Muhammadu Bello, wanda ya girme ta da shekara 12.

Ɗagel ba birni ba ne. Babu ganuwa, babu fada, babu tambura. Dukiyar gidan Shehu littattafai ce, kuma duk da hannu aka rubuta su. Takarda daga arewa ta ke zuwa bisa raƙuma, tana da tsada ƙwarai. Yara su kan yi karatu da allo da tawada, su wanke, su sake rubutawa. Abin da ya bambanta gidan da na sauran malamai shi ne, ɗiya mace tana karatu kamar yadda ɗa namiji ke yi. Uwar Shehu, Hauwa, da kakarsa Ruƙayya, duk malamai ne. Shi ma idan ya fita wa'azi mata su kan zo su saurara. Waɗansu malamai sun zarge shi a kan haka. Bai bari ba. Har ya rubuta cewa laifi ne babba malami ya yi ta koyar da ƴaƴan waɗansu, ya bar matansa da ɗiyansa cikin jahilci.

A wannan gida Asma'u ta hardace Alƙur'ani, ta yi karatun fiƙihu da hadisi da tarihin Annabi. Fillanci ne harshen gidansu, Larabci harshen karatu. Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su. Ta iya su duka, ta ƙara da Buzanci.

Shekarun gudu da yunwa

Jama'ar Shehu ta yi ta ƙaruwa har sarakunan Gobir na Alƙalawa suka fara jin tsoronta. Sarki Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, ya ce kada wani ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai. Da ɗansa Yunfa ya hau gado sai abin ya ƙara ɓaci. A cikin watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka bar Ɗagel suka nufi Gudu. Asma'u tana da shekara 11.

Mutanen da ke gudun rai ba su ɗaukar kaya masu nauyi. Amma littattafan ba a bar su ba. Wani malami Buzu mai suna Agali ya taimaka da raƙuma, aka ɗora su. Yarinyar ta gani da idonta abin da manya suka zaɓa su tsirar, kuma ba ta manta ba.

A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara. Kafin shekarar ta ƙare aka sake haɗuwa a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, aka kashe ma su mutane da yawa, cikinsu har da mahardata Alƙur'ani wajen 200. Daga nan sai yawo. Yau suna wannan sansani, gobe suna wancan. Hatsi ya ƙare, dabbobi suka mutu, zazzaɓi ya kama mutane. Mata ne ke jinyar masu rauni, su ne ke neman abin da za a sa a tukunya, su ne kuma ke zaman takaba. A 1805 jama'ar ta sauka Gwandu. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Shekara guda bayan haka Bello ya fara ginin Sakkwato.

A cikin waɗannan shekaru ne aka yi ma Asma'u aure, tana da kamar shekara 14. Mijinta Giɗaɗo ɗan Laima malami ne, kuma babban abokin Bello. Sun haifi ƴaƴa maza shida, na farin ya rasu tun yana jinjiri.

Gidan Waziri

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama wazirinsa. Ke nan Asma'u ta zama ɗiyar Shehu, ƙanwar sarki, matar waziri. A duk faɗin ƙasar da wuya a sami macen da ta fi ta gata. Gidanta kullum cike ya ke da baƙi: manzannin sarakuna, da malamai, da fatake. Wani Bature mai suna Kilafatan ya zo Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya karɓe shi. Da ta so, da ta zauna cikin daula har ƙarshen ranta, ba wanda zai ce ta yi laifi.

Aikin farko da ta sa kanta shi ne na littattafan ubanta. Littattafan wancan zamani ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne a ke tarawa a ɗaure cikin fata, a sa cikin gafaka. Sun sha yawo bisa raƙuma, sun sha ruwa da ƙura, ga gara kuma ba ta jin kunyar littafin kowa. Asma'u da mijinta suka tattara su, suka jera, suka sake rubuta waɗanda suka lalace. Aiki ne na shekaru, wanda ba a yi ma kiɗa.

Ita ma ta fara nata rubutu. Mafi tsufan rubutunta da aka sani na wajen 1820 ne, kuma ba ta aje alƙalami ba sai kusa da rasuwarta. Abin da ya iso gare mu ya kai kamar 60, yawancinsu waƙoƙi. Idan da malamai ta ke magana, sai ta rubuta da Larabci. Idan da danginta ne, da Fillanci. Idan kuwa tana son talakawa su ji, sai ta rubuta da Hausa cikin ajami. A ƙarshen waƙa ta kan sa ramzi, wato waɗansu haruffa da in aka lissafa su za su ba da shekarar da aka yi ta. Ta haka ne aka san shekarun waƙoƙinta da dama.

A 1831 ta mai da wata waƙar Shehu daga Fillanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa. Waƙar gargaɗi ce ga masu iko: sarkin da ke cin dukiyar talakawa, da alƙalin da ke karɓar toshiyar baki, da mai ƙwace gonar wani, da mai tauye mudu a kasuwa. A lura da lokacin da ta yi wannan aiki. Masu mulki a sa'an nan ba sarakunan Alƙalawa ba ne, ƴan uwanta ne da abokansu. Da waƙar ta koma Hausa, talaka ya san abin da Shehu ya hana shugabanni.

Matan da yaƙi ya kawo

Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba. Gidan sarautar Katsina da aka kora ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maraɗi. Gobirawa ma ba su miƙa wuya ba. A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da waɗansu Abzinawa suka haɗa kai, suka gamu da Bello a Gawakuke. Bello ya yi nasara. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk suka kwanta dama a wurin. Gobirawan da suka tsira suka bi Mayaƙi, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wannan yaƙi Asma'u tana gefen wanta ne, ba ta tsaya tsakiya ba. Ta yi waƙa a kan nasarar Gawakuke, ta kuma yi waƙoƙin roƙon Allah ya karya sarakunan Gobir irin su Mayaƙi. Waɗanda ta ke kira abokan gaba, kakannin kakannin yara da yawa ne na Maraɗi da Tsibiri, kuma su ma ƙasarsu da sarautarsu su ke karewa. Ba ta yi faɗa da bauta ba. A zamaninta, kowane gefe ya ci yaƙi ya kan kwashe mata da yara na ɗaya gefen.

To, waɗannan mata su ne suka cika gidaje da ƙauyukan Sakkwato da na Wurno, garin ribaɗin da Bello ya gina. Waɗansu bayi ne a gona, waɗansu kuyangi, waɗansu sa-ɗaka a gidajen manya. An raba su da garuruwansu da danginsu. Ba su jin Fillanci, balle Larabci. In yaro ya yi rashin lafiya, ko naƙuda ta yi wuya, ko baƙin ciki ya yi yawa, wurin ƴan bori su ka sani. A Gobir akwai babbar sarauta ta mata, ita ce Inna. Inna ƴar gidan sarauta ce, ita ce uwar ƴan bori, ita ce mata ke kai ma kuka. Tana sa malfa, tana hawan doki. A Tsibiri sarautar Inna ta ci gaba, kamar yadda ta Iya ta ci gaba a Maraɗi. Matan da aka kawo Sakkwato kuwa sun rasa Innarsu, ba su sami wata ba.

Bayan su akwai matan ƙauye, Hausawa da Fulani, waɗanda Musulmi ne amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya ma su alwala daidai. Malamai maza ba su shiga gidajen mutane. Matan aure kuwa ba su iya barin miji da goyo su tafi birni neman karatu. Su ne kuma ke renon yaran da za su zama manyan gobe. Asma'u ta duba wannan hali, ta nemi dabara.

Ƴan taru

Tsakanin 1830 da 1840 ta kafa abin da aka sani da ƴan taru, wato masu taruwa. Tun da yawancin mata ba su iya zuwa wurinta, sai ta nemi waɗanda ke iyawa. Iri biyu ne: ƴan mata ƙanana da ba su isa aure ba, da dattijan mata waɗanda suka gama haifuwa. Waɗannan ba wanda zai hana su tafiya.

A kowane yanki ta kan zaɓi mace guda mai hankali da riƙon amana, ta ba ta shugabanci. Sunan wannan mace jaji. Kalmar ta fatake ce, jaji shi ne mai jan ayari. Ranar naɗi Asma'u ta kan ɗora ma jaji malfa, ta ɗaura jan ƙyalle a kewayenta, ta yi ma ta addu'a.

Wannan malfa ita ce ƙwarewar Asma'u. Ta san abin da malfa ke nufi a idon Bagobira. Wani malami da ya ga malfar Inna sai ya ce a ƙone ta, kayan bori ce. Asma'u ba ta ƙone ta ba, ta ɗauke ta ta ɗora a kan malama. Mace ta hango malfa tafe daga nesa, ta san wadda ke ƙarƙashinta uwa ce da a ke kai ma kuka. In ta matso kuma, sai ta tarar da karatu.

Jaji ta kan tara ƴan tarunta su kamo hanya a ƙasa, wani lokaci tafiyar kwanaki, har Sakkwato ko Wurno. Ba su zuwa hannu sake. Wannan ta riƙo zuma, waccan man shanu, wata hatsi, wata zaren da ta kaɗa da hannunta. Asma'u ba ta tara kayan nan. Ta kan raba ma makafi da guragu da marayu da gwauraye. Sa'an nan a zauna karatu. Ta rera baiti, su maimaita. Ta fassara, su yi tambaya. Wadda ta zo da matsalar gida ko ta gado ta faɗi, a ba ta amsa. In sun riƙe abin da aka ba su, sai su koma ƙauyukansu, su shiga gida gida suna koya ma matan da ba su sami zuwa ba.

Don me ta zaɓi waƙa? Takarda tana da tsada, masu iya karanta ta kuma kaɗan ne. Gara tana cin ta, wuta tana cin ta. Waƙa kuwa a ka ta ke zama. Mace tana daka tana rerawa, tana kaɗi tana rerawa, goyon da ke bayanta yana ji. Ba a biyan ko wuri, ba a kuma iya ƙwace ta a hanya.

Kowace waƙa da aikinta. Akwai Sunago, wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baitoci kamar 30, don mai fara karatu ta san su bi da bi. Da Fillanci ta fara yin ta, ta mai da ita Hausa a 1838. Akwai Godaben Gaskiya, mai koyar da salla da azumi da zakka da kyawun hali. Akwai masu ba da tarihin Annabi da na Shehu. A 1839 ta rubuta wani littafi da Larabci don malamai masu ba da magani, ta tara ayoyi da addu'o'in da a ke yi ma mai naƙuda, da mai zazzaɓi, da mai ciwon ido, da wanda tsoro ya kama. Ta gane ba a ce ma mace ta bar abin da ta dogara gare shi ran wahala, sai an ba ta wani a madadinsa.

Wata waƙar kuma, ta wajen 1837, sunayen mata ne zalla. Bello ya rubuta littafi da Larabci a kan mata salihai, ya nemi ta mai da shi waƙa. Ta fara da matan Annabi da ɗiyansa, ta bi da waliyyai mata na ƙasashen gabas irin su Rabi'atul Adawiyya. Sa'an nan ta ƙara da matan da aka sani a Ɗagel, irin su Joɗa Kawuri da Ƴar Hindu, malamai masu koyar da Alƙur'ani da sasanta mutane. Mai saurare sai ta ji sunan macen da ta sha ruwan rijiya irin tata an jera shi tare da na manyan duniya.

Karatun ƴan taru bai tsaya a baki ba. Su ne ke zuwa gidan mai jinya, su ne ke zama da mai haifuwa, su ne ke wankan gawar mace, su share harabar masallaci, su shirya kishiyoyin da suka yi faɗa.

Abin da ta ke yabo

Asma'u ta yi tsawon rai, ta binne mutanenta da yawa. Bello ya rasu a Wurno a 1837. Giɗaɗo ya bi shi wajen 1850. Aminiyarta A'ishatu, matar Bello, ta rasu ta bar ta. Duk wanda ya tafi daga cikinsu ta kan yi ma shi waƙar ta'aziyya. Wanda ke son ya san halin Asma'u, waɗannan waƙoƙi ya kamata ya duba, don abin da mutum ke yabo ga mamaci shi ne abin da ya ɗauka da girma.

Maroƙa in za su yabi sarki, garuruwan da ya ci su ke lissafawa, da dawakinsa, da mazajen da ya kashe. Bello ya yi yaƙe-yaƙe masu yawa. Amma a cikin ta'aziyyarsa abin da ƙanwarsa ta fi tsayawa a kai shi ne iliminsa, da adalcinsa, da taimakon da ya ke yi ma mabukata. Giɗaɗo ya riƙe wazirci shekaru masu yawa. Ta tuna shi a kan ya kula da gyaran masallaci da ƙofofin gari, ya saukar da baƙi, ya riƙe iyalin Shehu da mutunci.

Ba manya kaɗai ta yi ma ba. Akwai wata maƙwabciyarta mai suna Halima, ba ɗiyar sarki ba ce, ba malama ba ce. Da ta rasu Asma'u ta yi ma ta waƙa da Hausa, ta yabe ta da haƙuri da riƙon zumunci. Akwai Zaharatu, wadda ta kan je duk inda aka kira ta, wurin mai naƙuda ko wurin wankan gawa, ta kuma koyar da waɗanda ba su sani ba. Akwai jaji Hauwa, wadda ta yi shekaru tana jan ƴan taru zuwa wurinta. Sarakuna da yawa na wancan zamani sun shuɗe, sai an buɗe littafi a ke tuna sunansu. Waɗannan mata uku kuwa ba su da ko taƙi na sarauta, amma an san su yau, an san halinsu, don Asma'u ta ga aikinsu ya isa a rubuta.

Tsufa bai sa ta yi shiru ba. A ƙarshen rayuwarta akwai wani mai sarautar Yabo da a ke kira Ɗan Yalli, ɗan gidan waɗanda suka taimaki Shehu tun farko. Ya matsa ma talakawansa har aka tuɓe shi. Asma'u ta yi waƙa ta gode ma Allah a kan tuɓewar, ta kuma faɗi laifinsa a fili. Asalinsa bai sa ta rufa ma shi ba.

Bayan rasuwarta

Nana Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara 70 da ƴan kai. Ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu: Bello, da Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu ɗan Atiku. Aka binne ta a Hubbare, cikin Sakkwato, kusa da ubanta.

Makaranta da yawa ta kan mutu ranar da malaminta ya mutu. Ta Asma'u ba ta mutu ba, don tun tana da rai ta raba aikin a hannun mata masu yawa. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi jagorancin ƴan taru, ta ci gaba da naɗa jajoji. Bayan Maryamu sai ɗiyarta Tamodi. Ƙanenta Isa ya mai da waɗansu waƙoƙinta na Fillanci zuwa Hausa, suka ƙara yaɗuwa.

A 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Wazirin da ya fita ya sadu da su, Muhammadu Buhari, jikanta ne. Daular da aka kafa da takobi ta faɗa hannun Turawa tun ba ta cika shekara 100 ba. Faransa da Ingila suka ja iyaka, Marata da Ƙonni da Maraɗi da Tsibiri suka faɗo Nijar, Ɗagel da Wurno da Sakkwato suka faɗa Najeriya. Turawan mulki sun rubuta labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ba su kula da tsofaffin matan da ke bin hanya da malfa ba, matan kuwa ba su fasa tafiyarsu ba.

Takardunta suna gidan Waziri, a hannun zuriyarta. Waziri Junaidu, ɗan Buhari, wanda ya rasu a 1997, ya adana su tare da sauran littattafan gidan. Wata malama ƴar Ingila mai suna Jin Boyid, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a Sakkwato, ta nemi izininsa ta duba su. Ta fitar da littafi a kan rayuwar Asma'u a 1989. A 1997, ita da wata malama ƴar Amurka mai suna Bebali Mak suka buga rubuce-rubucenta a haɗe, tare da fassara. Daga nan sunanta ya shiga jami'o'in duniya. A Najeriya an sa ma makarantun ƴan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai sunanta.

Lokacin da Jin Boyid ke bincikenta ba ta tsaya ga takardu ba, ta shiga ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno. A can ta tarar da jajoji da malfunansu, fiye da shekara 100 bayan rasuwar Asma'u. Da yawa cikinsu ba su taɓa riƙe takardar waƙoƙin ba. Daga bakin iyayensu da kakanninsu suka karɓe su, kuma suna jan ƴan tarunsu zuwa Hubbare da ƴar sadakarsu a ka.